Tsutsar da ke ɓuya cikin tsokar naman daji: tambayoyi da amsoshi a kan cutar tirikinela

Duk wanda ya taɓa zama da maharba a bakin wuta bayan an dawo daga farauta ya san yadda ake yi. Ana gama fiɗa, kafin a kai ga rabo, sai wani ya yanko tsoka mai kauri ya jefa kan garwashi. Bayanta ya yi baƙi, maiƙo na ɗiga wuta na tashi, ga yunwar yini guda, babu mai haƙurin jira. A tsaga da wuƙa, tsakiyar tana nan jawur da ɗan ruwan jini, a barbaɗa gishiri da yaji a kai baka. A cikin wannan jan da wuta ba ta kai gare shi ba ne wata tsutsa take iya zama da ranta. Ga tambayoyin da suka kamata a yi a kanta.

Wace irin tsutsa ce wannan?

Likitoci suna rubuta sunanta Trichinella, mu ce tirikinela. Dangin macijin ciki ce, amma ƙarama ƙwarai: macen da ta gama girma ba ta cika wuce milimita 3 ba, namijin kusan rabin haka. Abin da ya raba ta da sauran tsutsotsin da muka sani shi ne ba a hanji take ƙarewa ba. Macijin ciki da tsila a hanji suke zamansu, kurkunu ta ƙafa yake fitowa a gan shi. Ita wannan 'ya'yanta ne suke bin jini su shige cikin tsoka, kowace ta nannaɗe kamar gammo a cikin wani ɗan ƙoƙo ƙanƙane ƙwarai, ta zauna shekaru tana jiran wanda zai ci naman.

Wani ɗalibin likitanci mai suna James Paget ne ya fara lura da ita a Landan a shekarar 1835, da ya ga wasu ɗigo-ɗigo kamar yashi a tsokar wata gawa da ake koyon aiki da ita. Sai a 1860 wani likita a birnin Dresden na Jamus, Friedrich Zenker, ya tabbatar cewa tana kashe mutum kuma daga nama ake ɗaukarta, bayan rasuwar wata matashiya da aka ɗauka taifod ke damunta. A lura da wannan, domin kuskuren da aka yi a kan wannan yarinya shi ake maimaitawa har yau.

Idan an ci naman, me ke faruwa a cikin jiki?

Ruwan ciki mai narkar da abinci shi ne yake narkar da ƙoƙon, ya saki tsutsar. Sai ta gangara ƙaramin hanji ta kutsa cikin bangonsa. Cikin kwana 2 ta balaga, maza da mata su haɗu. Bayan kamar mako guda macen ta fara haihuwa, kuma ba ƙwai take sakawa ba, 'ya'ya masu rai take zubarwa, daga 500 har zuwa 1,500 kowace mace guda, cikin mako 4 zuwa 6 da take yi a hanji kafin jiki ya kore ta.

Waɗannan jarirai su ne masifar. Suna shiga hanyoyin jini su watsu ko'ina, har zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa suna ratsawa, amma masaukinsu shi ne tsokar da ke aiki ba hutu: tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki, harshe, muƙamuƙi, tsokar da ke juya ido, da wadda ke tsakanin haƙarƙari. Kowace ta huda zaren tsoka guda ta mayar da shi gidanta, har ta sa jiki ya shimfiɗa mata ƙananan jijiyoyin jini da za su riƙa kawo mata abinci. Tsananin ciwon ya danganta da yawan tsutsar da aka haɗiya. Wanda ya ɗanɗana loma ɗaya daga naman da ba shi da yawanta yana iya wucewa bai san an yi ba, wanda ya ci ya ƙoshi kuwa ya kwanta.

Waɗanne dabbobi ne ke ɗauke da ita?

Ka'idar mai sauƙi ce: dabbar da ke cin nama ko mushe. Tsutsar ba ta da wata hanya ta wucewa daga wannan jiki zuwa wancan sai ta hanyar cin tsoka. Ba ta bin ruwa, ba ta bin iska, ba ta bin ƙuda.

A ƙasashen sanyi, Kanada da Alaska da Rasha, beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi, ita ce kan gaba, sai wata ƙatuwar dabbar teku mai haure da mutanen yankin ƙanƙara ke farauta. A Turai aladen daji ne da dangin yanyawa da kyarkeci. A nan Afirka kuwa kura ce babbar ma'ajiyarta, saboda ita ce mai share mushen daji, sai zaki, damisa, dila da dangin tunku da juda. Waɗannan ba kasafai ake cin su ba. Gadar da ke kawo ta tukunyar mutane ita ce gadu da sauran aladen daji. Mutane da yawa suna ɗauka gadu saiwa da ciyawa kawai yake ci, alhali idan ya tarar da mushe ba ya wuce shi.

Akwai kuma abin da ya ba masana mamaki. An daɗe ana zaton dabbobi masu ɗumin jini kaɗai take kamawa, sai a 1995 aka gano wani jinsinta a jikin kadoji da ake kiwo a Zimbabuwe, daga baya aka same shi a jikin guza. Da aka gwada shi a kan birai, ya kama su. A Taiwan kuma, a 2008, mutum 8 sun kwanta bayan cin ɗanyen naman kififiya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin damo da guza nama ne da ake ci a ƙauyukanmu, yara ma sukan kama su su babbake a gona. Ba ina cewa a daina ba ne. Ina cewa kada a ci shi a babbake kawai, a kai shi tukunya.

Ashe ba cutar masu cin alade ba ce? Mu da ba ma ci fa?

Gaskiya ne alade shi ne ya fi yaɗa ta a tarihi. A wani ƙauyen Jamus mai suna Hedersleben, a 1865, mutum 337 suka kamu, 101 suka mutu, kuma irin wannan annoba ce ta sa Jamusawa suka fara duba naman alade da madubin likita kafin a sayar. Gaskiya ne kuma cutar ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasashen Musulmi, kuma haramcin alade shi ne dalili. Amma kada wannan ya sa a saki jiki, saboda dalilai uku.

Na farko, masu jin Hausa ba duka Musulmi ba ne, kuma a yankunan da ake farautar gadu ana cinsa. An rubuta ɓarkewar cutar ta farko a Afirka kudu da Sahara a Kenya a 1959, lokacin da wasu samari 11 a gindin Dutsen Kenya suka kwanta bayan cin aladen daji. Jinsin tsutsar da ke gabashin Afirka ma sunan George Nelson aka sa masa, masanin da ya bi diddigin lamarin. A Habasha an sha samun irin haka daga naman gadu. A Senigal an same ta a jikin gadu da dila tun shekarun 1960, kuma a 2009 wasu Faransawa 3 sun koma gida da cutar bayan sun ci ƙyafaffen naman gadu a can. A Gini an same ta a jikin dangin juda. Wato tana nan a dazukan Afirka ta Yamma.

Na biyu, algus. A birnin Izmir na Turkiyya, ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, tsakanin ƙarshen 2003 da farkon 2004 sama da mutum 400 aka tabbatar sun kamu. Wani abincinsu na ɗanyen niƙaƙƙen nama suka ci, suna ganin na saniya ne, ashe an cakuɗa da na alade. Da an dafa naman, da ko da algus ɗin ba za a yi wannan ɓarna ba. Niƙaƙƙen nama da ƙyafaffen yanki ba su da fuska, ba ka iya sanin dabbar da aka yanka.

Na uku, ba alade kaɗai ba ne. A Aljeriya an samu wani matashi da ya kamu bayan cin naman dila. Mu ma mun san akwai masu neman wani yanki na kura ko dila ko muzuru don magani, a busar a daka a zuba a kunu ko a lasa. Busarwa ba ta kashe tsutsar nan. A Faransa da Italiya kuma naman doki ne ya kwantar da mutum sama da 3,000 tsakanin 1975 da 2005, a 1985 kaɗai fiye da 1,000 a Faransa, domin can ana cin naman doki da sauran jini. Doki ba maciyin nama ba ne, amma idan aka haɗa masa abinci da ragowar nama don ya yi ƙiba, ko mataccen ɓera ya shiga harawarsa, yana ɗauka.

To barewa, gada, zomo da gyazbi fa? Da shanu da awaki?

Waɗannan ciyawa suke ci, don haka haɗarin tirikinela a jikinsu kaɗan ne ƙwarai. Saniya da tunkiya da akuya ba hanyarta ba ce, wanda ya sayi tsire ko kilishin naman sa na gaskiya ba wannan ce damuwarsa ba. Sai dai naman sa da bai nuna ba yana ba da tsila. Gafiya da sauran dangin ɓera kuwa suna cin duk abin da suka samu, har gawar 'yan uwansu, kuma ɓera na cikin manyan masu yaɗa tsutsar nan a wuraren kiwon alade. Ban da haka, fiɗar ɓerayen daji na da nata haɗarin na zazzaɓin Lassa, wanda ya fi wannan saurin kisa.

Mene ne alamomin cutar?

Zuwa biyu take yi. Zuwan farko kwana 1 zuwa 2 bayan cin naman: murɗawar ciki, gudawa, tashin zuciya, wani lokaci amai. Kowa zai ce abinci ne ya ɓata masa ciki, kwana kaɗan ya wuce, a manta. Wasu ma ba sa jin komai a wannan mataki.

Zuwa na biyu shi ne na gaske, yakan fara daga mako 2 har zuwa mako 8, lokacin da 'ya'yan suke shiga tsoka. Mutum ya tashi da safe ya ji idanunsa sun yi nauyi, ya duba madubi ya ga fatar idon ta kumbura sama da ƙasa kamar wanda zuma ta harba, wani lokaci fuskar gaba ɗaya ta tashi. Farin idon ya yi ja, haske na damunsa. Zazzaɓi mai zafi da ba ya sauka. Sai ciwon tsoka, wanda ba irin na gajiyar noma ba ne: damtse, ƙwauri, wuya da baya duk suna ciwo ko an taɓa su kawai, tauna tuwo ta zama aiki, haɗiya ta yi wuya, jan numfashi mai zurfi ya zama kamar ana soka masa abu a haƙarƙari. Wasu sukan ga siraran layuka ja ko baƙi a ƙarƙashin farce, kamar ƙaya ta shige. Akwai ciwon kai, ƙaiƙayi, ƙuraje da tari.

Yaya za a bambanta ta da maleriya ko taifod?

Nan ne na fi jin tsoro. Zazzaɓi da ciwon jiki da ciwon kai a wurinmu sunansu ɗaya, maleriya da taifod, a nufi kemis a haɗo magani. Idan kumburin fuska ya zo, wani ya ce ƙoda ce, wani ya ce sammu. Kuma tunda mako biyu ko uku sun shuɗe, babu wanda zai tuna da naman da aka ci ranar farauta.

Abubuwa uku idan suka haɗu a yi zargi: zazzaɓi, kumburin fatar ido, da ciwon tsoka mai tsanani. Maleriya ba ta kumbura ido. Sai abu na huɗu wanda ya fi kowanne ƙarfi: a duba waɗanda aka ci naman tare da su. Cutar nan da wuya ta kama mutum ɗaya, domin dabba guda jama'a ke rabawa. Idan abokan farauta uku, ko uba da 'ya'yansa biyu da maƙwabcin da aka aika wa kason nama, duk suka kwanta da kumburarrun idanu cikin mako guda, amsar tana cikin wannan nama.

Wane gwaji ake yi a asibiti?

Gwajin jini na yau da kullum da ake ƙirga ƙwayoyin jini yana ba da haske sosai. Wani nau'in fararen ƙwayoyin jini mai suna iyosinofil yana hauhawa fiye da kima, abin da maleriya da taifod ba sa jawowa. Akwai kuma sinadarin da tsoka ke saki cikin jini idan tana lalacewa, shi ma yana tashi. Gwajin da ke nuna garkuwar jiki ta yi arba da tsutsar ba ya nunawa sai bayan mako 2 zuwa 5, don haka idan an yi da wuri bai nuna ba, akan maimaita. Wani lokaci akan ɗan yanki tsoka ƙanƙanuwa daga kafaɗa a duba. Idan akwai ragowar naman a ajiye, kada a zubar, a kai a duba shi, ya fi komai saurin warware zance.

Duk wannan ba zai faru ba idan likita bai ji labarin naman ba. Na san akwai kunya. Wani ya ci abin da ba ya so a sani ya ci, wani ya yi farauta a inda hukuma ta hana. Ɗakin likita ba kotu ba ne, kuma ba majalisar unguwa ba ce. A faɗa masa dabbar, da ranar, da yadda aka gasa.

Tana da magani?

Tana da shi. Albendazole ko mebendazole, waɗanda muka sani a matsayin maganin tsutsar ciki. Amma a kula: ƙwaya ɗaya da ake raba wa yara a makaranta ba ta isa nan ba. Ga babba, albendazole miligiram 400 ake sha sau 2 a rana na kwana 8 zuwa 14. Idan ciwon ya yi tsanani likita yakan haɗa da maganin rage kumburi irin su prednisolone. Wannan na biyun kada kowa ya saya wa kansa. Shan sa shi kaɗai ba tare da maganin tsutsar ba yana iya tsawaita zaman iyayen tsutsar a hanji su ci gaba da haihuwa. Mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 2 ba, likita ne kaɗai zai yanke abin da za a ba su.

Lokaci shi ne komai. Maganin ya fi cin iyayen da ke hanji da 'ya'yan da ke kan hanya. Da zarar sun shige tsoka sun rufe ƙoƙonsu, ƙarfinsa a kansu yana raguwa sosai.

Tana kisa? Wanda ya warke yana komawa daidai?

Mafi yawan masu kamuwa suna warkewa. Wani ƙidaya da aka yi na shekarun 1986 zuwa 2009 a ƙasashe 41 ya tattara mutum 65,818 da suka kamu, 42 suka mutu. Masu mutuwa galibi zuciya ce ke kumbura, ko ƙwaƙwalwa, ko huhu, tsakanin mako na 3 da na 6. Saboda haka bugun zuciya da ya rikice, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ruɗewa, ko shanyewar wani sashe na jiki, ba abin kwana da su a gida ba ne.

Zazzaɓi da kumburi sukan tafi cikin makonni, amma kasala da ciwon tsoka suna iya jan watanni. Ga manomi ko ɗan dako wannan ba ƙaramin abu ba ne, damina guda tana iya wuce shi yana kwance.

Idan na sa naman a firiza fa, sanyi ba ya kashe ta?

Wannan tambaya ta fi shafar 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka da Kanada da Turai, inda abokin aiki maharbi kan kawo kyautar nama. Akwai labari na gaskiya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa a 2024.

A 2022 wani mutum ya harbo beyar a arewacin lardin Saskatchewan na Kanada. Aka ba shi shawara ya daskarar da naman don kashe tsutsa, ya kuwa bi shawarar, naman ya yi kwana 45 a firiza. Da danginsa suka taru a jihar Dakota ta Kudu da ke Amurka, aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka tsire a tsinke tare da kayan lambu, aka gasa. Naman beyar duhu gare shi, don haka ba a gane bai nuna ba sai da aka fara ci. Da aka lura, aka mayar kan wuta aka sake gasawa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A watan Yuli wani ɗan shekara 29 daga cikinsu ya kwanta a Minnesota da zazzaɓi, ciwon tsoka da kumburin ido. Sau 4 yana zuwa wurin likita cikin kwana 17, sau 2 ana ba shi gado, kafin zancen naman beyar ya fito a gane abin da ke damunsa. A ƙarshe mutum 6 suka kamu, daga ɗan shekara 12 zuwa mai 62, aka kwantar da 3 a asibiti, duk suka warke. Biyu daga cikin shidan ko naman ba su ci ba, kayan lambun da aka gasa tare da shi kawai suka ci. Da aka duba ragowar naman bayan ya yi kwana 110 a daskare, tsutsotsin suna nan suna motsi, fiye da 800 a kowane giram guda.

Dalili shi ne jinsin da ke ƙasashen ƙanƙara an halicce shi da jure sanyi. Ka'idar daskarewa da ake faɗa, kwana 20 a digiri 15 na Selshiyus ƙasa da sifiri, ta naman aladen gida ce, ba ta naman daji ba. Mu kuma a nan, da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, firizarmu ma ba ta riƙe wannan sanyi kwana 20 a jere.

Banda fa? Ko shanya a rana, ko gishiri da yaji da lemon tsami?

Babu ɗaya da za a dogara da shi. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurinmu, domin yawancin naman dajin da ke isa kasuwa bandararre ne. Hayaƙi yana busar da bayan nama ya hana shi ruɓa, ya ba shi ƙamshi da launin abin da ya dahu, amma zafinsa sau da yawa ba ya ratsa tsakiyar cinya ko kafaɗa. Faransawan nan na Senigal ƙyafaffe suka ci. Tsutsar da ke iya rayuwa makonni a cikin ruɓaɓɓen mushe ba gishiri da barkono ne za su razana ta ba. Na'urar ɗumama abinci ta lantarki ma ba ta wadatar, domin tana barin wasu wurare da sanyi.

Saboda haka bandararren naman daji ɗanye ne har sai ya shiga tukunya. Kada a ɓantara a ci a hanya, kada a miƙa wa yaro ya tsotsa kafin a sa a miya.

To yaya za a dafa shi a kuɓuta?

Zafi ya kai tsakiya. Ma'aunin da ake bayarwa ga naman daji shi ne digiri 74 na Selshiyus a wuri mafi kauri, ga mai abin aunawa. Ga wanda ba shi da shi, uwayenmu sun riga sun ba mu hanya: tafasa. Ruwan da ke tafasa digiri 100 ne. A yanka naman ƙanana, a zuba ruwa ya rufe shi, a bar shi ya yi ta tafasa har ya yi laushi yana rabuwa da ƙashi, kamar yadda ake farfesu ko dambu. In ana son gashi ko suya, a yi su bayan tafasar. Wanda ya nace sai gashi kai tsaye, to ya fere naman siriri kamar na mai tsire, ya gasa a garwashin da ya kwanta ba a harshen wuta ba, yana juyawa, ya tsaga mafi kaurin ya tabbata babu ja babu ruwan jini. Ko da haka launi na yaudara a naman da yake da duhu, shi ya sa na fi amincewa da tukunya.

Kada a ɗanɗana nama yana rabin dahuwa don jin gishiri. Wuƙa da faranti da katakon da aka yanka ɗanye a kai, a wanke su da sabulu da ruwan zafi kafin su taɓa albasa ko tumatir ko naman da ya dahu. Injin niƙa da turmi su ma haka.

Maharbi gwani ba zai iya gane naman da ke da ita ba?

Ba zai iya ba, komai gwanintarsa. Dabbar da ke ɗauke da ita tana gudu lafiya, ga ƙiba ga sheƙi. Naman ba ya wari, ba ya canza launi. Ƙurajen da mahauta ke gani kamar ƙwayar shinkafa a tsoka na tsila ne, ba na wannan ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ce a gwada duk aladen daji da dokin da za a sayar, ta hanyar narkar da ɗan yankin tsokarsa a duba da madubin likita.

Ana ɗauka daga wanda ya kamu?

A'a. Ba ta bin numfashi, yawu, gumi ko kwanciyar aure. A yi jinyarsa, a ci abinci tare da shi.

Na riga na ci, yanzu na ji wasu da muka ci tare sun kwanta. Me zan yi?

Kada a jira kumburin ido. A je asibiti a ranar, a yi bayani. Maganin da aka fara cikin kwanakin farko, kafin iyayen su fara haihuwa, yana iya tare cutar tun a hanji. A kira duk wanda aka san ya ci, har wanda aka aika wa a gari na gaba. A hana kowa taɓa ragowar, a ƙulle ta a leda a tafi da ita asibiti.

Me za a yi da kayan ciki da ragowar dabbar da aka feɗe?

Kada a watsar a daji, kada a jefa wa karnukan farauta ɗanye. Kare yana kamuwa kamar yadda mutum ke kamuwa, haka kyanwa da alade. Abin da aka yar a bayan gari ɓera da dila za su ci, daga nan tsutsar ta matso kusa da gidaje, ta shiga garken mai kiwon alade. Abin da za a ba kare a tafasa masa. Sauran a ƙone, ko a haƙa rami mai zurfi a binne, a danne da duwatsu yadda kura ba za ta tono ba.